Daƙiƙa Talatin

Abin bai fi akwatin ashana ba,
da ƙarfe biyu masu sheƙi kamar idon kifi.
Likita a Castro ta ce, ɗora manyan yatsunka nan,
ban da magana, ban da motsi,
daƙiƙa talatin kawai.

Eliseo ya ce shekara arba'in yana sassaƙa jiragen ruwa,
ba a taɓa ce masa ya zauna shiru ba.

Yanzu kullum kafin shayi,
ruwan tsibirin nan na dukan rufi kamar mai bin bashi,
itace na ƙara a murhu,
sai ya kafa gwiwar hannu a tebur,
ya ɗora yatsun da katako ya cinye zanensu,
ni kuma in riƙe wayar.
Layi ya taso daga hagu,
tudu, kwari, tudu, kwari,
sai ya yi tuntuɓe,
sai ya ruga kamar an koro shi,
sai ya tsaya, kamar ya manta abin da aka aike shi.

A littafin lissafin dankali nake rubutawa.
Talata, ƙarfe bakwai, tuntuɓe.
Laraba, lafiya lau.
Laraba da dare, bayan musu da ƙaninsa kan iyakar gona,
gudu ba tsayawa.

Wata rana wayar takan ce ba ta gane ba.
Ko hannu ya bushe, ko yana rawa,
ko firji ne ya sa baki a maganar.
Ya jiƙa yatsa, mu sake.

Ran Juma'a Baldomero ya aiko daga Dalcahue:
akwai jirgi a bakin ruwa, haƙarƙarinsa a waje,
yana jiran hannun da ya san itace.
Likita kuwa ta ce sai ta ga mako guda ba tuntuɓe.
Kwana shida muka tara.
Na bakwai ya farka da tsuntsu a ƙirji.

Ya turo mini abin da ɗan yatsa,
idonsa na kan taga.
Nélida, ara mini taki. Yau kaɗai.

Na ce zuciya ba gishiri ba ce
da za a karɓo a maƙwabta.
Amma me ban ara masa ba tun ina da baƙin gashi?
Na goge hannu da tsumman kicin, na zauna.

Ashe daƙiƙa talatin doguwa ce in taka ce.
Na ji agogo, na ji kare na sosa kunne,
na ji teku na shiga tsakanin ginshiƙan gidan
kamar yadda ta saba, ba sallama.
Yau shi ke riƙe da wayar.
Fuskarsa na fara karantawa kafin layin.

Kin motsa, ya ce.
Ban motsa ba.
Muka sake.
Ya tashi ya zare wayar firji daga bango.
Muka sake.
Tudu, kwari, tuntuɓe.

Sai na tuna tudun coci,
yadda nake tsayawa sau biyu wai ina kallon teku.
Na tuna daren da na zauna a bakin gado
na ɗora laifin a kan miyar kifi.

Bai ce komai ba.
Ya jawo littafin dankali,
ya zaro fensirin kafinta daga bayan kunne,
ya raba shafin gida biyu,
layi miƙe sak, ba ya bukatar abin awo.
Ya rubuta sunana a sama,
harafi ɗaya ya ɓace masa.

Jirgin Dalcahue na can da haƙarƙarinsa a ruwan sama.
Ran Litinin motar ƙarfe bakwai za mu bi,
kujera biyu.
Shayi ya huce, ba wanda ya kula.
Ya mayar da firji, ya dawo ya zauna,
ya ce, gobe ke za ki fara,
hannunki ya fi ɗumi da safe.